Ninkaya a lokacin hutun gasa: amsa ga ɗan tirayatlon mai shekara 58

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Kano ne, shekaruna 58. Na daɗe ina gudu da tuƙa keke, kuma a 'yan shekarun nan na fara shiga gajerun gasannin tirayatlon, wato ninkaya da keke da gudu a jere, idan tafiya ta kai ni inda ake yin su. Ninkaya ce raunina, domin a galabaice nake fitowa daga ruwa, kusan a ƙarshen sahu. Gwiwata ta dama tana damuna idan na yawaita gudu, kuma ina shan maganin hawan jini. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ni da wata gasa. Shin ya dace in shigar da ninkaya cikin atisayena na wannan lokaci, kuma ta wace hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya dace ƙwarai, kuma watannin nan da babu gasa a gabanka su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin gyaran ninkaya yana buƙatar mutum ya haƙura da sauri na wani lokaci, abin da zuciya ba ta yarda da shi idan ranar gasa tana matsowa. Sai dai akwai sharaɗi guda da nake so ka riƙe tun daga farko: ninkayar za ta shiga ne a gurbin wani ɓangare na gudunka, awannin atisayenka na mako su tsaya kusan yadda suke. Matashi ɗan shekara 25 zai iya ɗora zama uku na ruwa a kan jadawalin da ya riga ya cika, ya kwana ya tashi garau. A shekarunka abin da ya fi raguwa shi ne saurin farfaɗowar jiki bayan wahala, don haka duk awa ɗaya da ka ba ruwa sai ka cire ta daga wani wuri, kuma tunda gwiwa tana kuka, gudu ne ya kamata ya biya.

Kafin ka shiga ruwa da niyyar atisaye ka fara ganin likitan zuciya, kuma ina faɗin haka ne da dalili. A shekarar 2017 mujallar likitanci ta Annals of Internal Medicine ta wallafa wani bincike da ya tattara mace-mace da tsayawar zuciya da suka auku a gasannin tirayatlon a Amurka daga 1985 zuwa 2016. An ƙirga 135, kuma 90 daga cikinsu a ɓangaren ninkaya suka faru, duk da cewa shi ne mafi gajarta a gasar. Mafi yawansu maza ne, haɗarin yana hauhawa da shekaru, ya fi tsanani ga waɗanda suka kai 60, sannan a cikin waɗanda aka binciki gawarsu an sami da dama masu ciwon zuciyar da ba su san suna ɗauke da shi ba. Adadin ƙarami ne idan aka auna shi da miliyoyin da suka shiga waɗannan gasanni lafiya, saboda haka ba abin da zai hana ka ruwa ba ne, amma ya isa ya sa mai hawan jini ya je a duba shi. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar mutum ya nitse zuwa wuya, matsin ruwa yana tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, idan kuma ruwan mai sanyi ne jijiyoyin jini na fata suna tsukewa, sai zuciya ta sami kanta da ƙarin kaya tun kafin a jefa hannu ko sau ɗaya. Akwai sashen zuciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka gaya wa likita ainihin abin da kake shirin yi, a yi maka gwajin ECG, wato na duba yadda zuciya take bugawa, shi kuma zai yanke ko akwai buƙatar gwajin zuciya a kan injin gudu. Ka kuma tambaye shi irin maganin da kake sha, domin irin su atenolol da bisoprolol suna rage bugun zuciya, wanda ke nufin agogon hannunka zai riƙa nuna maka cewa ba ka wahala alhali kana wahala, masu sa yawan fitsari kuwa suna haɗuwa da fitsarin da zama cikin ruwa yake jawowa su bar ka da ƙishirwar da ba ka ji ba. Alama ɗaya da ba a jayayya da ita: idan tari ya taso maka a cikin ruwa tare da sarƙewar numfashi da kaki mai kumfa, musamman mai launin jini-jini, ka fita nan take ka nufi asibiti, domin ruwa ne yake taruwa a huhu, kuma masu hawan jini suna cikin waɗanda abin ya fi samu.

Amfanin ninkaya ga gwiwarka a fili yake. Wanda ya tsaya a ruwa zuwa ƙugu kusan rabin nauyinsa kawai ƙafafunsa suke ɗauka, wanda ya nitse zuwa wuya kuwa kimanin kashi 10 cikin 100, mai iyo kuma ba ya dira a kan komai. Gudu a kan kwalta yana dukan gwiwa da agara da ninkin nauyin jiki a kowane taku, sau dubbai a fita ɗaya. Ruwa yana ba ka damar ka ci gaba da ba zuciya da huhu aiki yayin da gaɓoɓin suke hutawa, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai shekaru, tunda ƙarfin jiki na sarrafa iskar oksijin yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma ga wanda ya zauna, amma raguwar ba ta kai haka ga wanda bai daina atisaye ba.

To amma rashin nauyin nan da ya zama rahama ga gwiwa shi ne kuma gazawar ninkaya. Ƙashi yana riƙe ƙwarinsa ne idan ana ɗora masa nauyi, ruwa kuwa ba ya ɗora masa, keke ma haka. Tsoka ita ma tana zaizayewa da shekaru, kuma iyo a hankali ba ya hana hakan. Saboda haka ba na ba ka shawarar ka ajiye gudu gaba ɗaya har wata huɗu. Ka riƙe fita gudu biyu a mako, gajeru, a kan ƙasa ko ciyawa idan da hali, domin agara da tafin ƙafa su ci gaba da sanin duka, in ba haka ba ranar da ka dawo a watan Maris su ne za su fara ba ka matsala. Ka kuma ware kwana biyu na ɗaga nauyi, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a ƙa'idojinta na 2020: tsuguno da tashi, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya, da jan nauyi zuwa ƙirji. Minti 30 ya wadatar. A ganina ɗan tirayatlon da ya haura 55 ya fi asara idan ya bar ɗaga nauyi fiye da idan ya bar doguwar fitar keke ɗaya a mako.

Yanzu ga ainihin matsalarka, wato fitowa daga ruwa a galabaice. Mutumin da yake iya gudun kilomita 10 ba ƙarancin numfashi ne yake kayar da shi a mita 750 na ruwa ba, salo ne. Ruwa ya fi iska kauri da kusan ninki 800, don haka kuskuren da ba zai cutar da kai a kan titi ba, a cikin ruwa birki ne. Masu fitowa daga gudu da keke kusan duk abu ɗaya ke damunsu: ƙafafu masu nauyin tsoka, idon sawu mai tauri wanda ba ya miƙewa, da ɗaga kai sama don neman iska. Jiki a cikin ruwa kamar sikelin mai awo yake, huhu ne tsakiyarsa, da ka ɗaga kai ƙugu da ƙafafu sai su nitse, ka koma kana jan jikinka a karkace, kana kashe ƙarfin da ya isa mita 1,500 a kan mita 400. Gyaran farko shi ne ka kalli ƙasan kwamin ninkaya, ka ɗan danna ƙirjinka cikin ruwa har ka ji dunduniyarka tana taɓa saman ruwa. Na biyu shi ne numfashi. Mafi yawan waɗanda suka koyi iyo da girma suna riƙe iska yayin da fuskarsu take cikin ruwa, sai sun juyo su yi ƙoƙarin fitarwa da shaƙa a lokaci guda, lokacin kuma ba ya isa. Iskar da ta gama aiki tana taruwa a jini, ita ce take kawo wannan jin na shaƙewa da firgici wanda mutum yake ɗauka gajiya ce. Ka riƙa fitar da iska ta hanci da baki a hankali muddin fuskarka tana ciki, idan ka juyo shaƙa kawai ya rage, kuma juyawar ta zo daga mirginawar kafaɗa da ƙugu tare, ido ɗaya yana cikin ruwa. Kada ka tilasta wa kanka numfashi bayan jifan hannu uku don an ce haka ƙwararru suke yi. Ka shaƙa a kowane jifa biyu, ka riƙa sauya ɓangare daga tsawo zuwa tsawo, wato duk lokacin da ka kai daga bango ɗaya na kwami zuwa ɗayan, domin wuya da kafaɗa su daidaita. Atisayen riƙe numfashi mai tsawo kuwa ka bar shi baki ɗaya, ba na mai hawan jini ba ne, kuma yana sumar da mutane a ƙarƙashin ruwa ba tare da gargaɗi ba.

Shura ƙafa a tirayatlon ba don sauri ake yin ta ba sosai, don daidaita jiki ne, tunda ƙafafun suna da keke da gudu a gabansu. Shura ƙarama daga ƙugu, gwiwa a sake, ta isa. Gajeren takalmin roba mai fiffike yana taimaka wa mai taurin idon sawu ya ɗanɗana yadda jiki yake tafiya idan ya kwanta daidai, kuma yana sassauta gaɓar a hankali. Iyon kwaɗo kuwa, wanda mutanenmu da yawa suka fi sabawa da shi, ka yi hattara da shi, domin shurarsa tana murɗa cikin gwiwa, daidai wurin da kake neman hutarwa.

Irin wannan gyara kwakwalwa ce take koyonsa, kuma tana koyo ne da maimaici kusa-kusa yayin da jiki bai gaji ba. Shi ya sa zama uku na minti 30 zuwa 40 a mako ya fi zama ɗaya na awa biyu nesa ba kusa ba, domin bayan minti 20 na iyo ba tsayawa salon mai koyo yana rushewa, sauran lokacin kuskure yake haddacewa. A makonni shida na farko ka yanka komai gajere: tsawo ɗaya ko biyu, ka huta daƙiƙa 15 zuwa 20, ka sake. Ka fara da ɗumama jiki na minti 10, wanda a shekarunka ba a tsallake shi, sannan minti 10 na gyaran abu ɗaya tak, sannan ka yi mita 50 sau takwas ko goma kana ƙoƙarin riƙe abin da ka gyara, ka rufe da iyon rigingine a hankali. Ka riƙa ƙirga jifan hannu a kowane tsawo. Idan adadin ya fara hawa da uku ko huɗu, salo ya tafi, hutu ya kamata. Ba kowane kwamin otal ko kulob ne yake kai mita 25 ba, wasu ma ba miƙaƙƙu ba ne, don haka ka auna naka da tef ka san abin da kake ƙirgawa, ka kuma tuna cewa gajeren kwami yana yaudara, saboda turin bango yana ba ka hutu da saurin da ba za ka samu a tafki ba. Idan ka sami mai koyarwa da ya san salon gasa, zama kaɗan da shi ya fi wata guda na fama kai kaɗai. Idan ba ka samu ba, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe da kuma daga gaba, domin abin da mai iyo yake jin yana yi da abin da yake yi a zahiri sun sha bamban. Game da ko shekaru sun wuce na koyo, Hiromu Inada na ƙasar Japan ya kama ninkaya ne bayan ya yi ritaya yana da kimanin shekara 60, kuma a 2018 ya kammala doguwar gasar tirayatlon ta Ironman da ake yi a Kona a Hawaii yana da 85, gasar da ninkayarta kaɗai ta kai kusan kilomita 3.9.

Kafaɗa ce za ta karɓi wahalar da ka ɗauke wa gwiwa, kuma a nan ne masu shekaru suka fi samun rauni. Ƙananan tsokoki huɗu ne suke riƙe kan ƙashin damtse a mazauninsa, jijiyoyinsu suna sirancewa da shekaru ko da mutum bai taɓa jin ciwo ba, shekarun sunkuyo a kan keke kuma suna tura kafaɗa gaba su ƙuntata hanyar da jijiyoyin suke bi. Mita 1,000 na iyo ɗaruruwan juyi ne ga kowace kafaɗa. Hannu ya shiga ruwa da yatsu a gaban kafaɗarsa, kada ya tsallaka tsakiyar kai, kada kuma babban yatsa ya riga shiga. Faifan roba da ake ɗaurawa a tafin hannu don ƙara ja, ka ƙyale shi a wannan hunturun. Ka nemi igiyar roba ta atisaye ka riƙa buɗa hannu waje gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, sau 15 a kowane ɓangare, kafin kowane shiga ruwa. Gajiyar tsoka da ta wuce washegari ba komai ba ce, amma ciwo mai suka a gaban kafaɗa, ko wanda yake hana ka kwanciya a kan wannan ɓangaren da dare, yana nufin ka tsaya ka ga likitan gashin ƙashi.

Bayan mako shida, idan kana iya mita 400 ba tsayawa kuma numfashi a kwance, sai a shigo da awo. Ka ɗumama jiki, ka yi mita 400 da iyakar saurin da za ka iya riƙewa daidai, ka huta sosai, sannan ka yi mita 200. Ka cire lokacin na biyu daga na farko ka raba biyu, abin da ya fito shi ne saurinka na mita 100 da za ka iya ɗorewa a kai. Misali, idan 400 ta ɗauke ka minti 9 da daƙiƙa 20, 200 kuma minti 4 da daƙiƙa 20, bambancin minti 5 ne, rabinsa minti 2 da rabi. Zama ɗaya a mako sai ka yi mita 100 sau shida zuwa goma a kan wannan sauri da hutun daƙiƙa 20, sauran biyun su ci gaba da zama na salo da iyo mai sauƙi. Wannan gwaji mai tsanani ne, sai likita ya ba ka izini. Kada kuma ka auna wahalar ruwa da lissafin bugun zuciya na gudu, domin a kwance cikin ruwa bugun yakan yi ƙasa da kusan 10 a minti a kan wahala iri ɗaya.

Hutun gasarka ya faɗo a hunturu, kuma wannan yana da nasa hukunci a Kano. Ta wani ɓangaren alheri ne, domin ranakun da hazo ya rufe gari har ba a hango Dutsen Dala daga nesa ba ranakun gudu a titi ba ne ga mai son huhunsa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a Disamba da Janairu sanyin asuba yana sauka ƙasa da digiri 15, kwamin da yake a fili kuma ba a ɗumama shi yana kwana yana shan wannan sanyi. Ruwan gasa a kwami ana ajiye shi ne tsakanin digiri 25 da 28. Mai shekaru yana saurin rasa ɗumin jiki, ga kuma abin da na faɗa game da sanyi da hawan jini, saboda haka al'adarka ta atisaye bayan sallar asuba ba ta ruwa ba ce a wannan lokaci. Tsakanin azahar da la'asar ne ruwan ya fi ɗumi. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi, idan ruwan ya yi ƙasa da digiri 22 ka gajarta zaman ko ka sa rigar roba mai riƙe ɗumi, wadda dama za ka buƙaci sabawa da ita idan gasarka a ƙasar sanyi take. Ka shiga ta matakala a hankali, ka jiƙa fuska da wuya, ka jira minti ɗaya ko biyu numfashi ya lafa kafin ka fara, kuma idan za ka fita ka ɗan tsaya a gefe tukuna, domin jiri yana kama masu shan maganin hawan jini idan suka miƙe farat ɗaya. Ka duba tsabtar ruwan: idan ba ka ganin ƙasan kwami sarai, mai yiwuwa kulorin, maganin tsabtace ruwa, bai isa ba. Kada ka yi iyo inda babu mai ceto ko wani babba da yake kallonka, komai ƙwarewarka. Azumi ma a shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Hukuncin iyo da azumi na malamai ne, amma ta fuskar aiki mai koyon numfashi ba ya rasa haɗiyar ruwa, don haka ka mayar da zaman bayan tarawihi idan wurin yana da haske da mai tsaro, ka rage shi zuwa biyu a mako, in kuma bai samu ba ka riƙe kafaɗa da igiyar roba har a sha ruwan salla.

Na san zuciyarka za ta raya maka Tiga ko Bagauda ko Challawa, tunda gasa a buɗaɗɗen ruwa ake yin ta. Ban ba ka shawarar haka ba. Tsargiya tana nan a madatsun ruwa da kududdufai da magudanan noman rani na jihar nan, kuma ƙwayar cutar tana fitowa ne daga dodon koɗi ta huda lafiyayyar fata, ba sai an sha ruwan ba. Ga komar masunta da kututturan da ruwa ya rufe, ga rashin jirgin ceto. Idan ka taɓa shiga irin wannan ruwa, ka faɗa wa likita a gwada fitsari da bayan gida, maganinta praziquantel sananne ne. Yawancin abin da buɗaɗɗen ruwa yake buƙata ana iya koyonsa a kwami: ka ajiye gorar ruwa a bakin bango, bayan kowane jifa shida ka ɗaga idanu kawai sama da ruwa ka hango ta sannan ka juya ka shaƙa a gefe, wani lokaci ka juyo kafin ka taɓa bango don ka saba da rashin turi, ka kuma koyi mirginawa rigingine ka huta idan ruwa ya shige maka, domin wannan ne yake kashe firgici a tsakiyar cunkoson farkon gasa. A farkon gasar ma ka tsaya a gefe ko a baya, ka bar matasa su yi turmutsitsinsu, mita 200 na farko ka yi su a hankali fiye da yadda kake jin za ka iya.

Idan Maris ya shigo ka fara mayar da gudu, ka ƙara shi kaɗan-kaɗan a cikin mako huɗu zuwa shida, da sassafe saboda zafin bazara da yake haura digiri 40, ninkaya kuma ta sauko zuwa zama biyu a mako amma kada ta yi ƙasa da haka, domin sabon salo yana saurin zamewa idan aka bar shi. Ka maimaita gwajin mita 400 da 200 a kwami ɗaya da ka yi na farko don ka ga inda ka kai. Gwiwar kuma, idan bayan wata huɗu na sauƙin gudu da ɗaga nauyi har yanzu tana kumbura ko tana maƙalewa, to matsalar ta wuce yawan gudu, sai ka kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a duba ta kafin ka biya kuɗin rajistar wata gasa.